Sawun Ƙafar Hagu

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin Larai, a ranar aka sace akwatin Likita Abdulsalam.

Tukur yana zaune a zaurensa bayan an watse, ƙudaje suna bin sauran gumbar da ke cikin ƙwarya, sai ga mai unguwa Hamma ya dawo, likitan yana biye da shi. Tukur bai ɗaga kai ba. Tun safe ma bai ɗaga ba. Mutanen Tsamiyar Baiwa sun zo sun yi wa matarsa addu'a sun tafi, shi ƙafafunsu kawai ya gani. Da ma da ƙafa ya fi sanin mutane, don shekara talatin ke nan yana bin sawu. Daga Gafasa har Balan, in saniya ta ɓace ko an fasa rumbu, shi ake aiko wa.

"Tukur, ka yi haƙuri," in ji mai unguwa. "Na san yau ba ranar zuwa maka da magana ba ce. An shiga ɗakin Likita."

"Allah ya mayar da alheri," in ji Tukur, idonsa na kan tabarma.

Likitan ya durƙusa a gabansa. Matashi ne siriri, bara waccan ya gama karatun likita a Zariya, kuma kowa a ƙauyen ya san abin da ya kawo shi. Akwai wani babban ɗan kasuwar gyaɗa a Gaya, Alhaji Maikuɗi, wanda ya yanke jiki ya faɗi a bakin sikeli, ya yi shekara biyu a kwance ba baki, sannan ya rasu. Matarsa Hajiya Talatu ta ware gadonta ta kafa gidauniya saboda Allah, don a riƙa ɗaukar nauyin sababbin likitoci masu son gano abin da ke kawo ciwon zuciya da shanyewar jiki a ƙauyuka. Abdulsalam ne na farko da aka ɗauka. An ba shi babur da abin awon jini da abin da zai riƙe kansa shekara guda. Wata goma sha ɗaya ke nan yana bi gida gida, ya naɗa wa mutum roba a dantse, ya hura, ya rubuta a kati, mutumin ya dangwala yatsa da tawada. Katunan nan ne a cikin akwatin.

"Baba Tukur," in ji likitan, "ranar Alhamis Hajiya za ta zo da manyan likitoci biyu daga Kano. In sun ga aiki, su ƙara min shekara. In ba su ga komai ba, akwai wasu matasa suna jira, wani za a ba. Ban rubuta a wani wuri ba. Mutum sama da ɗari shida, duk suna cikin akwatin nan."

Ranar Litinin ce. Tukur ya ji maganar kamar daga bayan katanga ake yin ta.

"Na daina bin sawu," ya ce.

Mai unguwa ya gyara rawani, ya dubi ƙofa. Likitan ya miƙe a hankali, har ya kai bakin zaure, sannan ya juyo.

"Har da katin Inna Larai a ciki."

Tukur ya tuna ranar. Ta ƙi wanke tawadar sai da ta zagaya maƙwabta tana nuna musu yatsa tana dariya, wai ita ma yau ta yi rubutun boko. Shi kuwa ya ce wa likitan ya kai robarsa gaba, lafiyarsa ƙalau. Ya tuna duk wannan bai ji komai a ransa ba. Amma hannunsa ya kai kan sanda.

* * *

Ɗakin likitan yana jikin gidan mai unguwa, ƙofarsa na kallon hanyar da shanu ke bi zuwa fadama. Kafin Tukur ya iso, rabin gari ya riga shi. Sun shiga, sun fita, sun tattake ko'ina.

"Ku matsa mana," in ji mai unguwa. "Kun ɓata wurin duka!"

"Ai ba sai an wahalar da Tukur ba, ranka ya daɗe," in ji wani daga cikin taron. "Kowa ya san mai yi. Wa ke zagin Likita kullum a gindin tsamiya?"

"Gwadabe wanzami!"

"Kuma bai zo sadaka ba."

"Tun da aka kawo robar nan, wa ke zuwa ƙaho?"

Tukur ya shiga ɗakin. Abin awon jinin yana kan tebur cikin jakarsa. Rediyon likitan yana kan taga, agogonsa na rataye a ƙusa. A ƙarƙashin gado akwai wurin da ƙura ba ta hau ba, daidai faɗin akwatin kwano.

"Ka kulle da za ka fita?"

"Waya kawai na murɗa," in ji likitan. "Gidanka fa zan je, ga shi nan kusa."

Tukur ya dubi rediyon, ya dubi agogon. Wanda ya shigo ba abin sayarwa ya zo nema ba. Ya fito ya tsuguna a hanya. Babu komai sai kofaton shanu, wani kan wani, da sabon kashi. Garken Bappa makiyayi ya wuce ta nan da hantsi kamar kullum, ya share duk abin da ƙasa za ta faɗa.

"Wa ka gaya wa za a zo ganin katunan?"

"Kowa da kowa. Ranar Juma'a na tashi a masallaci na sanar, don mutane su ji daɗi. Na ce manya daga Kano za su karanta."

Tukur ya miƙe. Ya kaɗe gwiwarsa ya tafi.

* * *

Ya sami Gwadabe a ƙofar gidansa yana wasa aska a fata, zabira a gefe. Labari ya riga ya iso masa.

"To, ga mai bin sawu ya biyo sawuna. Zauna, Tukur. Ya ƙarin haƙuri? Wallahi ban ƙi zuwa don wani abu ba. Suna aka yi a Gafasa, tun asuba na tafi askin jariri. Leƙa ka gani, ga cinyar ragon can a rataye. Ko ita ma a ɗakin Likita na sato ta?"

"An ce kana zaginsa."

"Ina zaginsa mana! Yaro ya zo da roba yana matse wa mutane hannu, ya ce jini ya hau. Ni da nake fitar da jinin su gan shi da idonsu, ni aka mayar mahaukaci. Amma takarda? Me zan yi da takarda, in goge aska?"

Ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya.

"In gaya maka wani abu, ka rufa min asiri. Ni ma na je ya auna ni. Ta bayan gida na shiga. Ya ce in rage gishiri da kanwa, na rage, jirin da nake ji ya tafi. Katina yana cikin akwatin nan, Tukur. In ka samo shi, ka sa shi a can ƙasa, kar wani ya gani."

Da a ce da ne, da Tukur ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya dubi ƙafar Gwadabe. Takalmin taya, da jar ƙasar hanyar Gafasa a tsakanin yatsu. Ya miƙe.

"Mutane suna cewa a kai ka wurin alƙali a Gaya."

Askar ta tsaya a hannun Gwadabe.

"To ka yi sauri mana," ya ce, ba wasa a muryarsa.

* * *

Washegari Talata da hantsi Tukur ya nufi fadama neman Bappa. Hanyar ta bi ta bakin sabuwar rijiyar da ake haƙa. Bara fari ya ƙafar da rijiyoyin ƙasar nan, bana kowane ƙauye yana neman mai haƙa, kuma babu kamar Hadi. An ce yana shinshina ƙasa ya gaya maka gaba nawa ya rage a kai ruwa.

Hadi yana zaune a kan tulin ƙasar da aka fitar, abokin aikinsa Maiwada yana tufka igiya.

"Baba Tukur, sannu da ƙoƙari," in ji Hadi daga zaune. "Ka gafarce ni, jiya ban samu zuwa ba. Tun safe ina cikin rami, ban fito ba sai azahar."

"Ba komai. Aiki ya yi kyau?"

"Mun kusa. Ƙasa ta fara sanyi."

Maiwada bai ɗago daga igiyarsa ba. Tukur ya wuce.

Bappa yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, ya ratsa sanda a kafaɗa, shanu na kiwo kewaye da shi. Uwar Tukur Babarbariya ce, Bappa kuwa Bafulatani, don haka shekara da shekaru ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna.

"Kai, ga bawana ya zo gaishe da ubangidansa! Ina goron? Ko hannu biyu ka zo min da shi?"

"Jiya da hantsi ka bi ta ƙofar Likita," in ji Tukur.

Bappa ya sauke ƙafarsa. Ya dube shi da kyau, ya ga ba za a rama ba.

"Allah ya ji ƙan Larai," ya ce a hankali. "Ba ta taɓa barin matata ta wuce da ƙwarya ba ta kira ta ta sha ruwa ba. Na bi ta nan, kamar kullum. An ce min wasu na cewa ni na kora shanu don in rufe sawu. Shekara nawa ina bin hanyar nan?"

"Ka ga wani?"

"Ina bayan garke, ƙura ta tashi. Amma akwai mutum a gaban shanun, can nesa, da kaya a kai an rufe da buhu. Ban ga fuska ba. Ya san lokacina dai, ko wane ne. Yana tafe, shanuna na share masa baya."

"Ina ya rabu da ku?"

"A kukar nan mai rami. Mu muka yi kudu, shi ya miƙe gabas."

* * *

Daga kukar zuwa gabas ƙasa ce mai tauri, ko jaki ba ya barin alama. Tukur ya yi abin da ya saba. Ya bar hanyar ya yi da'ira babba, a sunkuye, rana na dukan ƙeyarsa. Ya sake yin wata wadda ta fi ta faɗi. A ta uku ya shiga wata tsohuwar gonar gyaɗa da ba a noma ba tun farin bara, yashinta laushi kamar gari. A nan ya gani.

Sawu tara ne, ba takalmi. Namiji, mai faɗin tafin ƙafa, da kaya a kai, don dunduniyar ta nutse. Ƙafar dama ta sauka sosai yadda ya kamata. Ta hagu kuwa, kafin ta sauka, babban yatsan ya ja wani ɗan layi a yashi, bai fi tsawon ɗan yatsan hannu ba. Taku na gaba ma haka. Na gaba ma haka.

Tukur ya zauna a ƙasa a tsakiyar gonar.

Ya san layin nan. Ba na gurgu ba ne, ba na mai ƙaya a ƙafa ba. A tsakar gidansa ya fara ganin sa, daga bakin murhu zuwa randa, wata uku kafin Larai ta faɗi. Kullum da safe kafin ta yi shara yana ganin sa. Shi da yake gane saniya mai ciki daga sawunta, ya ga ƙafar matarsa tana jan ƙasa, ya ce a ransa gajiya ce. Ranar da likitan ya ce mata jininta ya hau, ta je Gaya a ba ta magani, shi ne ya ce a bari sai an gama girbi. Bai gaya wa likitan layin ba. Bai gaya mata ba. Ranar da ta faɗi, tana riƙe da ludayi.

Ya daɗe a zaune. Rana ta take, inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa. Bai yi kuka ba, bai yi salati ba. Kallon layin kawai yake yi.

Can sai ƙafafun jiya suka fara dawo masa ɗaya bayan ɗaya, yadda suka jeru a bakin tabarmar zaurensa. Na liman masu lalle a farce. Na mai unguwa cikin sabon takalmi. Da wasu masu busasshen yumɓu fari har idon sawu, irin wanda ba a samu sai a ƙasan rami. Ƙafafun Maiwada ke nan. Ya zo tun farkon addu'a, bai tashi ba sai da aka shafa.

Mai haƙa ba ya shiga rijiya sai da wani a baki riƙe da igiya. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san haka.

* * *

Ranar Laraba bayan sallar azahar, Tukur ya sa mai unguwa ya kira mutum uku da ba su zo sadaka ba: Gwadabe, Bappa, da Hadi. Gari kuwa ba a kira shi ba, ya kawo kansa. Mata suna leƙe ta kan katanga. Likitan yana tsaye a gefe, idonsa ya faɗa, kwana biyu bai ci abin kirki ba.

Tukur ya ɗauki tsintsiya ya share fili a ƙofar zauren mai unguwa, tsawon taku goma. Ya yayyafa ruwa. Ya sake bi da tsintsiya har wurin ya yi sumul.

"Ku cire takalma. Kowa ya taka daga nan zuwa can."

"Ni fa ƙafata ba ta saba da ƙasa ba, ɗan birni ne ni," in ji Gwadabe. Babu wanda ya yi dariya. Ya taka ya wuce. Bappa ya bi da dogayen ƙafafunsa. Hadi ya zo ƙarshe, yana tafiya a hankali, yana ɗaga ƙafa sama kamar mai tsallake ruwa. Sawunsa ya fito tsaf, babu layi.

Mutane suka fara gunaguni. Tukur ya sake share wurin.

"Ranka ya daɗe, a ba ni rabin buhun gero."

Aka kawo. Ya ɗora wa Gwadabe a kai, ya taka. Ya ɗora wa Bappa, ya taka. Da ya zo kan Hadi, sai da suka dubi juna. Gumi na bin gefen fuskar Hadi, kuma daga kusa Tukur ya ga gefen bakinsa na hagu ya ɗan sauka, kaɗan ƙwarai, sai wanda ya taɓa zama da irinsa zai lura.

Hadi ya ɗauki buhun. Taku na farko ya fito lafiya. Na biyu ma. Amma mai kaya a kai hankalinsa na kan wuyansa, ba ya iya tsare ƙafarsa. A taku na uku yatsan ya ja layi. A na biyar ya ja wanda ya fi shi tsawo. Bai kai ƙarshen filin ba ya tsaya, ya sauke buhun, ya zauna a kansa.



"Ba ka shiga rijiya ranar Litinin ba," in ji Tukur. "Maiwada yana zaurena."

"Ban shiga ba."

"Hadi!" in ji mai unguwa. "Kai? Me Likita ya yi maka?"

Hadi bai dubi kowa ba. Ƙasa yake kallo, inda ƙafarsa ta tona masa asiri.

"Watan jiya ya auna ni. Ya auna, ya sake aunawa, ya ce kada in ƙara shiga rami. Ya rubuta a kati. Na ce to. Ranar Juma'a kuma ya tashi a masallaci ya ce manya daga Kano za su zo su karanta. Na ce shi ke nan, za a kira sunana a gaban mutane, ko a aiko wa mai unguwa takarda a hana ni aiki. Ranka ya daɗe, mutum tara ke ci a gidana. Bara ko dami ɗaya ban ɗauka a gona ba. Wa zai zura mai ciwo a rijiyarsa?"

Ya goge fuska da hannun dama. Na hagun yana kan cinyarsa.

"Nawa kaɗai na je ɗauka, wallahi. Na buɗe akwatin, na ga duk iri ɗaya ne. Ban san boko ba. Na ji shanu sun taho, sai na ɗauke duka."

"Ka ƙone su?" Likitan ne ya tambaya.

"Na haɗa kara zan ƙona. Sai na tuna sunayen mutane ne a ciki. Akwai Muhammadu, akwai Abdullahi. Hannuna ya ƙi. Suna cikin rumbuna, ba abin da ke ciki da ma."

Likitan ya jingina da bango ya rufe ido.

Nan fa hayaniya ta tashi. Waɗanda shekaranjiya suka ce a kai Gwadabe Gaya, su ne yau ke cewa a kai Hadi. Gwadabe ya tsaya a tsakiya yana nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Kai, da kai, da kai mai hular nan! In na ƙara taɓa kanku da aska, ku ce ba ni ba ne!"

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Likita, kayanka ne. In ka ce alƙali, gobe da safe a tafi."

"Ba ni da ƙara, ranka ya daɗe," in ji likitan. "Na ce wa mutum kada ya shiga rami, ban tambaye shi abin da zai ci ba. Na tashi a masallaci na yi magana, ban bayyana cewa ba wanda za a kira sunansa ba. Malam Hadi, ba mai karanta sunanka. Yawan masu ciwon suke son sani, don a san maganin da za a kawo."

"Yanzu ai kowa ya sani," in ji Hadi. Ya ɗago ya dubi Tukur. Ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai. "Baba Tukur, da ka same ni ni kaɗai."

"Da na same ka kai kaɗai, da ka dawo da akwatin, gobe ka koma rami," in ji Tukur. Muryarsa ba ta tashi ba, amma kowa ya ji. "Layin nan da ƙafarka ke ja, na gan shi a tsakar gidana wata uku kafin Larai ta faɗi. Kullum ina ganin sa. Ban ce komai ba. Ita a bakin murhu ta faɗi, aka ɗauke ta. Kai a rami mai gaba ashirin za ka faɗi."

Babu wanda ya taɓa jin wannan magana daga bakinsa. Matan da ke kan katanga suka sauke kai.

Maiwada ne ya yi gyaran murya daga baya. "Ni zan riƙa shiga," ya ce. "Ƙanena ya riƙe igiya. Shi ya zauna a baki ya gaya min inda zan sara. Ni ban san ƙasa kamar shi ba."



* * *

Da la'asar aka baje katunan a kan tabarma biyu a ƙofar ɗakin likitan, don ƙaiƙayi da ƙurar rumbu sun shiga akwatin. Likitan yana kaɗewa yana jerawa. Tukur ya tsuguna a gefe. Shi ma bai san boko ba. Amma a ƙasan kowane kati akwai shuɗin tabon yatsa, kuma wannan rubutu ne da ya iya karantawa.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi ja. Can ya tsaya a kan wani. Yatsa ƙarami, da farin layi ya ratsa tsakiyarsa, inda wuƙa ta yanke ta tana yanka kuɓewa shekarar da suka yi aure.

Likitan ya leƙo ya karanta sunan. Ya dubi Tukur, ya sake duban katin.

"Baba, in kana so ka riƙe shi. Sai in kwafe abin da ke ciki a wani."

Tukur ya ɗora babban yatsansa a kan tabon. Nasa ya rufe nata gaba ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Sa shi cikin 'yan'uwansa," ya ce. "Su zo su gan ta."

Ranar Alhamis mota ta zo daga Gaya. Tukur bai fita ba. Daga zaurensa ya ji ƙararta, ya ji yara na bin ta, ya ji ta tafi bayan azahar. Ba a jima ba likitan ya yi sallama, da jaka a hannu.

"Sun ƙara min shekara, Baba. Hajiya ta zauna a tabarma ta sa an karanta mata kusan rabi, ba a kiran sunan kowa. Ta ce da an yi wa Alhaji irin wannan awon. Kuma babban likitan ya duba Malam Hadi da kansa, sun tafi da shi asibiti a motar."

"Madalla," in ji Tukur.

"Na ba su labarin layin. Sun yi ta tambaya. Sun ce ko za ka yarda ka riƙa bina ƙauyuka, ka duba ƙasa, ni in duba hannu."

Tukur ya juya kai. Yana kallon tsakar gida ta ƙofar zaure. Tun da aka fita da Larai ba wanda ya share ta da kyau, sawun kaji ne kawai daga murhu zuwa randa.

Likitan ya ɗan jira, sannan ya ɗauki jakarsa zai tafi.

"Likita."

"Na'am, Baba."

Tukur ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya miƙa dantsensa.

"Akwai sauran kati?"